Shanyar Mawaƙan Kataloniya

Ni ne sakaran labarin nan, ba na musu. Kullen korona ya ritsa da ni a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, gidan 'yata Hadiza mai nazarin adabin Sifaniya da Kataloniya. Malamarta ta ara mata tsofaffin littattafan waƙoƙi. Ni kuwa, babban likitan da ya tsaya a aji huɗu, na ce rana ke kashe cuta. Na shanya su a baranda kamar barkono, na leƙa sama, babu hadari, na kwanta.

Ashe ruwan garin nan ba ya sallama. Kafin la'asar mawaƙan sun zama kunu.

Na ce, "Ai dai korona ta fita."

Ta ce, "Baba, waƙoƙin nan sun tsallake yaƙi da gobara. Kai ne ba su tsallake ba."