Waƙar da Na Ɗinka wa Karima

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikata ta fari ba, kuma ko ni na so in manta, matan Ƙofar Kware ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa unguwar a kan babur ɗina, sai in ji wata daga cikin zaure ta ce, "Ga mai waƙa nan za shi wuce." Sai in ƙara wuta, in yi kamar ba da ni ake ba.

Ni barunde ne, wato mahauci, ɗan mahauci, jikan mahauci, a Ƙofar Dundaye aka binne cibiyata. Boko ta taga na leƙa shi. Karatun allo kuwa, malamina da ya gaji sai ya sallame ni da addu'ar Allah shi shirya. Amma abin da Allah ya rage mini a kai, ya cika mini shi a baki. Tun ina saurayi, in ka faɗa mini sunanka, kafin in gama yanka maka nama na ɗinka maka waƙa da shi, ƙarshen kowane layi ya faɗa daidai da sunan. Habu ya zama ɗan gidan babu, Bala ya zama abokin wahala. Mutane su yi ta dariya, har wanda aka yi wa waƙar. Uwargidana Ige ce kaɗai ba ta dariya. Kullum maganarta ɗaya ce: "Wanga bakin naka, wata rana za shi kai ka inda ƙahwarka ba ta iya hiddo ka."

Ɗana na fari, wanda muke ce wa Magaji (kada ku tambaye ni sunansa na yanka, ɗan fari ne, ba na faɗa), shi Allah ya ba karatu. Yana aiki a jami'a, yana zaune Kwalkwalawa. Da ya tashi aure sai ya ɗauko mana dala ba gammo: ɗiyar Malam Sidi na Ƙofar Kware. Gidan malamai ne, Fulani, masu magana kamar suna tsoron kada su tashi mai barci. An daɗe ana kai da kawowa, don wasu daga cikin dangi ba su ga dalilin ba ɗan runji, wato ɗan mahauta, ɗiyarsu ba. Wadda ta raba gardamar ita ce mahaifiyar Malam Sidi, tsohuwar da kowa ke kira Inna Babba. An ce daga cikin ɗakinta ta aiko da magana ɗaya: "Nama kuke ci, ɗan mai nama kuke ƙi?" Shi ke nan, aka ɗaura aure.

Ni dai ban taɓa ganin fuskar tsohuwar sosai ba. In na je gaisuwa, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa daga bayan labule. Sunanta kuwa ban taɓa ji a bakin kowa ba. Wa zai faɗa? Ɗanta ba zai faɗa ba, surukanta ba za su faɗa ba, jikoki ba su isa ba. Inna Babba, shi ke nan.

Da ciki ya tsufa, matar Magaji ta tafi goyon ciki gidansu kamar yadda aka saba a haihuwar fari, can ta sauka, aka sami mace. Don haka suna a gidan Malam Sidi aka yi shi, kuma can za ta zauna wanka har ta yi arba'in kafin a mayar wa Magaji da iyalinsa. Ige ta rantse cewa a jajibirin sunan ta zaunar da ni ta gaya mini wadda za a mayar wa suna. Mai yiwuwa ne. Ni dai abin da na sani, ina wasa wuƙaƙena a lokacin, kuma shekarun aure sun koya mini faɗin "to, to" ba tare da kunne ya yi aiki ba.

Da safe muka hallara. Ni ban zauna a tabarmar manya ba, ina can gefen raguna, don na ce babu mahaucin da zai taɓa ragon jikata ina raye. Liman ya yi addu'a, ya sa wuƙa, sanƙira ya ɗaga murya: sunan yarinya Karimatu. Ina cikin fiɗa na ce wa liman, "Allah gafarta malam, mu da ba mu yi nisa ba, mi wanga suna ka nuhi?"

Ya ce, "Karima, da Larabci, mai karamci ke nan. Mai kyauta, mai daraja, wadda hannunta yake a buɗe."

Ai kuwa kamar ya zuba wa wuta mai. Hannuna yana cikin fata, kaina yana ta tattaro kalmomi. Karima, walima. Karima, hidima. Karima, rigima. Kai, ban taɓa samun suna mai 'yan'uwa da yawa irin wannan ba! Ga shi kuma kowa ya san tsakanin kaka da jika wasa ne. Jika mace amaryar kakanta ce, dole ya kushe ta, ya ce ba ya so, mata su taso masa da tsiya, a yi dariya. Wannan haƙƙina ne, babu malamin da ya hana.

Da na gama, na wanke hannu, na sa babbar rigata, aka yi mini iso tsakar gida inda wanzami yake yi wa jaririya aski. Mata cike, Magaji na tsaye gefe, Malam Sidi yana kan kujera kusa da ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Na ji mata suna ta cewa, "Miƙo Ummi," "Ummi ta yi kuka." (Ku dubi girman wautata. Ni da ba na faɗin sunan ɗana, na ji ana sakaya sunan jaririya tun ranar suna, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Cewa na yi a raina, 'yan boko da iyayi.)

Aka ɗora mini ita a hannu, kai fes, sai ƙamshin turare. Na gyara murya, na soma taka rawa a hankali:

"Karima, Karima, uwar rigima,
An ce mai kyauta, ke ko sai an jima.
Baki ba haƙori, ga son cin walima,
Kwance kike wuni, sai an yi miki hidima."

Wanzami ya tsaya da aska a sama. Wata mata da ke raba masa ta aje faranti a hankali kamar ƙwai ne a ciki. Na ce a raina, gidan malamai ke nan, dariya ma sai sun nemi fatawa. Bari in ƙara musu.

"Kai babu gashi, wa zai ba ki ƙima?
Ni ba ni aurenki ko an naɗa ni Galadima!"

Magaji ya zo ya kama hannun rigata, ya ce: "Baba. Baba, don Allah."

Na ce, "Sake ni, kai! Tsakanina da amaryata ne." Na juya wajen mata, na ce, "Ku kuma ba ku iya amshi ba? In na ce Karima, ku ce uwar rigima. Karima!"

Maimakon amshi, sai daga bayan labule wata murya ta fito, siririya, amma ta cika gidan:

"Wa ka kiran sunana haka da sassahe?"

Jama'a, na sha ganin bijimin sa ya tsinke igiya ya yo kaina, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sunan Inna Babba aka mayar. Sunan da ɗanta mai furfura bai taɓa furtawa ba, shi na tsaya tsakar gidanta ina rangaɗawa har da rawa. Kuma ku duba abin da na jera: babu haƙori, kwance wuni, sai an yi mata hidima. Tsohuwa ta haura tamanin! Daga baya ma na ji cewa makullin ɗakin ajiya a bakin zanenta yake ɗaure, kuma duk jikan da ya roƙe ta wani abu, amsarta ita ce "sai an jima." Wallahi ban sani ba. Amma wa zai yarda?

Ban san wadda ta karɓi jaririyar daga hannuna ba. Malam Sidi ya miƙe, bai dube ni ba, ya ce wa Magaji a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa, "Zancen komawa bayan arba'in, a dakata tukuna. Sai mun yi shawara." Ya shige zaure. Na dubi ɗana, ya sunkuyar da kai. Yaron da bai taɓa sa ni jin kunya ba, ga shi na tsaya da babbar riga ina neman raba shi da iyalinsa saboda rigima ta dace da Karima.

Muka kama hanyar gida ni da Ige. Sai da muka shiga ta ce, "To, Galadima, a kawo ruwa?"

Washegari da hantsi na ce mata ta raka ni ban haƙuri. Na daɗe ina tunanin abin da zan riƙa. Kilishi ba zai yiwu ba, kun san dalili. Sai na zaɓi hanta mai kyau, mai taushi, na naɗe. Muka je, na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba. Wannan karon sai aka ce a ɗage labule. Ga ta zaune a kan gado, 'yar ƙarama, idanu kamar na shaho, mata sun cika ɗakin, Malam Sidi yana tsaye a waje yana jan carbi.

Ta buɗe ƙunshin ta duba. Ta ce, "Hanta. Wato ka zo ka tabbatar ba ni da haƙori."

Na ce, "Inna, Allah shi huci zuciyarki. Wallahi da jaririya nike. Ban san sunanki na ba."

"Kac ce ba ka aurena ko an naɗa ka Galadima."

"Inna, tuba nike."

"Yo ni na ce ina son ka? Mijina da ya rasu malami na, mai ƙamshin littafi. Mi za ni yi da mai ƙarnin tumbi?"

Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni dai kaina na ƙasa.

Sai Inna Babba ta ce, "Ka san rabon da in ji wanga suna a bakin mutum? Tun rasuwar uwata. Mijina bai taɓa hwaɗinai ba har ya koma. Jiya ina kwance sai na ji ana Karima, Karima, na ce to, ko masu ɗaukar rai na sunka iso. Ashe barunde na." Ta gyara zama. "Tunda bakinka ya iya ɓatawa, shi gyara. Tashi ka yi ta yabo, nan gaban waɗanda sunka ji ta jiya. In ta yi daɗi, matar ɗanka ta koma ɗakinta ranar arba'in. In ba ta yi ba, kai za ka gaya ma ɗanka dalili."

Na miƙe, gumi har cikin hula. Ni da kalmomi ke bi na kamar ƙuda, ranar sai suka watse.

"Karima... gidan ni'ima.
Karima... mai ƙima.
Inuwarki ta fi... ta fi laima."

Na tsaya. Na laluba, babu. Rigima ce kawai take ta leƙowa, ina kora ta. Na ce, "Karima, Allah shi ƙara girma."

Ta ce, "Girma bai hau ba. Na zagi sun zo maka a guje, na yabo kana lalube kamar makaho ya yar da sanda. Sake."

Na sake. Na kawo azima, na kawo alfarma, ta ce ita ma alfarma gurguwa ce. Har Yarima na jawo, ta ce ita ba namiji ba ce. Mata tun suna ɓoye dariya har suka daina ɓoyewa, Ige ma da ta zo raka ni ban haƙuri tana share hawaye. Can na ji wani sauti daga waje kamar tari. Na waiga, Malam Sidi ne ya juya wa ɗakin baya, carbi na rawa a hannunsa.

Daga ƙarshe tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa, kada ka kashe muna sunan gaba ɗaya. Waƙarka ba ta yi daɗi ba, amma wahalar da ka sha ta yi." Ta ɗaga murya: "Kai na waje, ranar arba'in a kai yarinya ɗakinta." Malam Sidi ya ce, "To, Inna." Sannan ta nuna ni da yatsa: "Kai kuma, wanga suna ka gama hwaɗinai duniya. Ka cinye rabonka jiya da yau. A soya hantar, a yanka ƙanana."

Aka mayar wa Magaji da iyalinsa ranar da aka ce, ni kuma na riƙe sharaɗi. Ban daina waƙa ba, kada in yi muku ƙarya, mai hali ba ya fasa halinsa. Amma yanzu in na je suna, ba ma'anar suna nake fara tambaya ba. Sai in matsa kusa da wani in ce, "Na wa anka mayar?" In an faɗa, in ƙara da, "Tana da rai? Tana cikin gidan nan? Kunnenta na ji?"

Jikar tawa yanzu ta shiga makaranta. Kwanan baya ta zo ta haye cinyata, ta ce malamarsu ta ce kowa ya tambayo ma'anar sunansa a gida. Ta ce, "Kaka, kai da ka san waƙar sunan kowa, mi ne ne nawa?"

Na waiga dama, na waiga hagu, na ce, "Ummi, tahi ki tambayi ubanki. Ni an karɓe mini lasisi."