Alhaji Mai Kusa Shida a Motar Karo

Duk faɗin Parakou, daga Ladjifarani har Kpébié, babu gadon bayan da ya kai na Alhaji Badamasi daraja. Bayan sauran mutane ƙashi ne da tsoka, yadda Allah ya halitta. Nasa kuwa ya hau jirgin sama, ya sauka a Tunis, likitoci uku suka duƙa a kansa awa biyar, suka ɗinke shi da kusoshin ƙarfe shida a ciki. Tun da ya dawo muke kiransa Mai Kusa Shida, shi kuma yana amsawa da murmushi, don a zatonsa sarauta ce.

Hoton ƙashin da aka ɗauka a asibiti yana rataye a falonsa, cikin katako mai ruwan zinariya, sama da hoton mahaifinsa. Wanda ya je dubiya ba ya ganin ruwan sha sai ya miƙe ya ƙirga kusoshin da yatsa. In ya ce biyar, a sa shi ya sake.

"Irin ƙarfen da ake ƙera jirgi da shi ne," in ji Alhaji. "Kakannina sun tako daga Gonja zuwa Djougou da goro a ka. Ni kuma Allah ya ga nauyin jama'a da na ɗauka ya fi ƙarfin ƙashi, shi ne ya ƙara mini ƙarfe."

Jakuna ne suka ɗauko goron nan, kowa ya sani. Amma jakunan ba su bar jika mai falo ba.

Nauyin da Alhaji yake nufi shi ne shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa 'yan asalin Djougou, wanda ya riƙe shekara goma sha bakwai. Aiki ne mai wahala. Sai mutum ya zauna a kujerar tsakiya, ya riƙe hatimi a aljihu, ya yi jawabi kafin a buɗe tukunya. Alhaji yana son kujerar nan fiye da shagunansa na atamfa guda uku, kuma saura mako biyu a yi zaɓe.

Yana da taubashi a Djougou, Alhaji Inoussa, mai sayar da babura. Taubashi kuwa an ba shi lasisin zagi tun daga ciki, ya faɗi abin da ya ga dama a ce wasa ne. Wata Juma'a a masallacin Djougou, Inoussa ya ga shugaba yana salla a zaune kan farar kujerar roba. Bayan an sallame ya ce, a inda kowa zai ji, "Wanda ya kasa duƙa wa Allah, ina zai duƙa ya duba lamarinmu?" Aka yi dariya. Kafin la'asar maganar ta isa Parakou, ta riga motar Alhaji shiga gari.

A makon ne wasu masu lilo da motocin wasa suka zo daga Lome, suka kafa kayansu a wani fili a bakin Djougou don hutun Babbar Salla. Al'adarmu a irin wannan, sai an naɗa uban biki, wanda 'yan boko suke ce wa *parrain*. Shi zai yanke ƙyalle, kuma shi zai fara hawa abin wasa guda a gaban jama'a kafin a bar kowa ya shiga. Inoussa da kansa ya ce wannan girma ba ya dacewa da kowa sai shugaba. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai da taubashinsa ya gane gaskiya, bai tsaya tambayar abin da ya sa ya gane ta a wannan makon ba.

Wadda hankalinta ya tashi 'yarsa ce, Munira. Aikinta ke nan a asibiti, koya wa masu karaya da waɗanda aka yi wa aiki yadda za su sake motsa jiki. Alhaji yana alfahari da ita a kowane taro. Ya kashe dukiya ta yi karatu don ya samu abin faɗa, bai yi don ya ji maganarta ba. Ita ke ajiye da takardar likitan Tunis, wadda ta ce wata shida ban da girgiza, ban da fizga, ban da murɗa ƙugu. Yanzu wata huɗu ke nan, kuma har yau da ɗamarar asibiti yake yawo a ƙarƙashin babbar riga.

Ana gobe biki ta hau mota ta je Djougou. Ta zaga kayan ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi masu kula da su, wasu ma ta hau da kanta. Ta dawo ta sami mahaifinta a falo bayan la'asar.

"Baba, na duba. Kwalekwalen da ke lilo, ba naka ba ne. Kujerun nan masu sarƙa da ke shawagi, su ma haka. Motocin karo kuwa ko kusa da su kada ka je, don buguwa ce sana'arsu. Biyu suka rage. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa, tafiyarsa kamar ta mai talla. Sai babbar da'irar nan mai kama da ƙafar keke, a hankali take juyawa, kuma kujerarta tana da majingina."

Alhaji ya tambayi kamannin jirgin. Ta ce kore ne, an zana masa fuskar tsutsa mai dariya.

"Ni, da na shiga jirgin sama sau arba'in da ɗaya, in hau tsutsa a gaban Inoussa?"

"To ka hau da'irar."

Alhaji ya gyara zama. Ku sani, bawan Allah nan ko benen shagonsa ba ya leƙowa ta taga, kuma sau arba'in da ɗayan nan duk idonsa a rufe ya yi su, da carbi a hannu. Amma babban mutum ba ya jin tsoro, dalili yake da shi.

"Me zan gano a can sama? Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Sannan abin nan in ya kai mutum sama, dawo da shi ƙasa yake yi. Saura mako biyu zaɓe, ki ce jama'a su tsaya suna kallon shugabansu yana sauka?"

"Baba, don Allah. In kusa ɗaya ta goce, komawa za a yi a sake buɗe ka. *C'est pas un jeu*, ba wasa ba ne."

"Mota zan hau. Mota ce abin hawan manya. Shekara talatin ina kan titin Parakou, ko keke bai taɓa gogar motata ba. A Djougou, garin ubana, wane mai tsautsayin ne zai ga Badamasi ya kawo masa karo?"

Idon Munira ya kawo ruwa, don tsakani da Allah tana tsoron abin da zai sami tsohon. Ta so ta tuna masa cewa shekara talatin ɗin nan Malam Daouda direba ne yake tuƙi, shi yana baya yana waya. Sai dai akwai gaskiyar da 'ya ba ta faɗa wa ubanta a gaban hoton kusoshinsa.

Ranar biki Alhaji ya sauka da babbar riga ta shadda mai ruwan madara, wadda ta ci sitaci har tana tsayuwa da kanta. Ya bar sandarsa a mota. Ya yi jawabi na minti arba'in a kan juriya, yara suna rataye a jikin shinge suna hamma. Ya yanke ƙyalle, ya nufi motocin karo, jama'a na biye.

A nan ya fara cin karo da rashin tarbiyyar Turawa, don motar ba ta da kujerar baya. Ya ce Malam Daouda ya shigo ya tuƙa. Mai kula da wurin ya dubi Alhaji, ya dubi rigar, ya ce wurin ba zai ɗauki mutum biyu ba. Inoussa yana gefe, ya ce da murya mai taushi, "Taubashi, in ba za ka iya ba, a kawo maka farar kujerarka." Alhaji ya tattara riga ya shige.

Manyan ƙungiya da matasa goma sha ɗaya suka shiga sauran motocin don rakiya. Aka saki wuta, kiɗa ya tashi. Kuma a yi wa Alhaji adalci, lissafinsa ya fita daidai. Babu wanda ya motsa. Mutanen Djougou suna da kunya, ba wanda zai taka mota shugaba bai taka ba. Suka jeru a gefe, hannu a cinya, suka bar masa fili fetal.

Alhaji ya ɗaga hannu ɗaya yana gaida jama'a, ya taka da ƙarfi. Motar ta zabura. Ya murɗa sitiyari har ƙarshe, bai san cewa irin waɗannan in an murɗa su har ƙarshe baya suke yi ba. Hannun babbar riga ya naɗe a sitiyarin. Ya nemi birki, babu birki. Ya kira Daouda. Motar ta yi juyi biyu da shi a tsakar fili, ta tafi da baya a guje, ta daki bangon roba.

Ba wani karo ba ne na a zo a gani. Yara suna shan wanda ya fi shi suna dariya. Amma hular Alhaji ta yi gaba, shi ya yi baya, ya sandare baki buɗe. Munira ce ta fara tsallake shinge. Ta hana kowa ya ja shi, ta sa aka nemo katako, mutum shida suka ɗaga shi a miƙe. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Yana kwance kan katakon, yana kallon sama, shugabanci bai bar shi ba. Daga baya aka buge shi, wannan ya tabbata, kuma daga baya maƙiya suke zuwa. Ya sa aka kira magatakardan ƙungiya.

"Rubuta. Duk wanda ya buge ni, ko ɗan wane ne, ko shekararsa nawa a cikinmu, an kore shi daga ƙungiya, shi da kujerarsa. Ba roƙo, ba sulhu. Ciro hatimi a aljihuna ka buga."

Munira ta ce, "Baba, ka bari ka ga..." Ya ce mata maganar manya ake yi. Aka buga hatimi.

A asibitin Parakou aka ɗauki sabon hoto. Allah ya rufa asiri, kusoshi shida suna nan inda aka bar su, tsoka ce ta ɗaure. Likita ya ƙara masa wata biyu a kwance, ya kuma tambayi wanda ya ba shi izinin hawa abin. Alhaji ya rufe ido kamar barci ya ɗauke shi. Ga masu dubiya kuwa ya bayyana cewa hatsarin mota ya yi a Djougou, ana kan bincike.

Binciken bai ɗauki lokaci ba, don waya ta fi talatin da ta ɗauki abin. Kwamitin dattawa biyar ya zauna, ya kalli hoton sau uku daga kusurwa uku, don kada a zalunci kowa. Ranar Alhamis suka zo Ladjifarani, Inoussa na gaba, suka zauna a ƙasa kusa da katifar shugaba. Suka yi masa sannu, suka yi addu'a mai tsawo.

"An gano shi?" in ji Alhaji.

"An gano shi, ranka ya daɗe," in ji magatakarda. "Motoci goma sha ɗaya ba wadda ta motsa. Mota ɗaya ce ta yi tafiya a filin nan."

Inoussa ya matso, ya gyara masa matashi da hannu biyu.

"Wallahi mun so mu roƙa masa, taubashi, dattijo ne, ga rashin lafiya. Amma shugaba ya ce ba roƙo, ba sulhu. A cikin shekara goma sha bakwai ba mu taɓa saɓa umarninka ba, ba za mu fara yau ba. Hatimin muka zo karɓa."