Kazar da Na Ƙi Cirewa Daga Labarina

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na tsaya gaban jama'a a Maiyama, takardu shida a hannuna, ina jin kaina kamar wani manzo. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin cin tuwo, sai in tsame hannu.

Lokacin ba a daɗe da yanko jihar Kebbi daga Sakkwato ba. An turo ni Aliero koyarwa a firamare, ni mutumin ƙasar Zuru, saurayi, ba mata ba nauyi. Garin na Musulmi ne manoman albasa, sun kuwa riƙe ni da mutunci. Mu Kirista ba mu da yawa, don haka duk Lahadi nakan hau mota zuwa Jega, inda muke da 'yar majami'a mai rufin kwano. A can wani baƙon fasto ya yi wa'azi a kan baiwa, ya ce babu wanda Ubangiji bai ba abin da zai yi masa hidima da shi ba. Ni ban iya waƙa ba, wa'azi kuma in na fara sai harshena ya sarƙe. Amma ina da biro. Kafin a tashi sujada na riga na yanke cewa an kira ni in rubuta ƙagaggun labarai masu jawo mutane ga tuba. (Ban nemi shawarar kowa ba. Ina ganin wanda Allah ya kira ai ya wuce neman shawara.)

Na duƙufa. In an tashi makaranta sai in zauna gaban tafiretan ofishin hedimasta in yi ta bugu da yatsa biyu. Labaran kuwa duk iri ɗaya ne: mugu ya yi mugunta, maciji ya sare shi, ya tuba. Ina karanta su a taron matasa, rabi suna gyangyaɗi. Na san akwai abin da ya ɓace a cikinsu, ban dai san mene ne ba.

A majami'armu akwai wani dattijo, Baba Dauda, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru yana kai albasar Aliero kudu. Matarsa Mama Saratu ita ke ciyar da ni duk Lahadi bayan sujada, har takan ƙulla mini yaji in tafi da shi. 'Yarsu ɗaya ce tak, Rifkatu, ta kuma rasu tun da daɗewa a hatsarin motar ubanta kusa da Andarai. Kowa ya san birki ne ya tsinke.

Wata ranar kasuwar Jega na je duba shi, don ƙafafunsa sun kumbura ya daina fita. Mama ta tafi cefane. Muna cikin hira sai ya ce mini ba birki ba ne. Ya ce a wancan zamanin yana shan giya a ɓoye, ranar kuma ya sha kafin ya tada mota. Rifkatu tana gefensa, za ta sauka wajen kakarta, tana rungume da wata kaza wake-wake da aka ɗaure wa ƙafa da jan ƙyalle. Da motar ta kife, ya rarrafo ya tarar da 'yarsa ta cika, kazar kuwa tana gefe tana tsattsagar ƙasa, ko ƙwarzane babu. Tun ranar bai ƙara kai giya bakinsa ba, bai kuma taɓa gaya wa matarsa ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa.

Ni fa, in gaya muku gaskiya, tausayi ya kama ni, amma ba shi kaɗai ba. Wani gefe na zuciyata cewa yake yi, ga labari. Kafin in isa Aliero na tsara farkonsa da ƙarshensa.

Na dai yi wayo, a ganina. Dauda ya koma Daniyel, Rifkatu ta koma Rahila, albasa ta koma tattasai. Kazar ce na tsaya a kanta. Na san ya kamata in cire ta. Sau biyu ina soke wurin ina mayarwa, don in babu ita labarin ya zama irin na macijina. Daga ƙarshe na bar ta, har da jan ƙyallen. (Na ma gaya wa kaina Ruhu ne ya hana ni cirewa. Ku ji fa.)

Bayan kaka aka yi taron haɗin gwiwa na ƙananan majami'unmu a Maiyama, na roƙi fastonmu ya ba ni fili. Lissafina shi ne Baba ba ya fita, Mama kuma ba za ta bar shi ba. Na hau gaba a ƙarƙashin rumfa na fara. A karo na farko a rayuwata babu mai gyangyaɗi. Mata sun tallafe haɓa, masu ganga sun ajiye hannu.

Ina shafi na huɗu na ɗaga kai, sai na ga Mama Saratu. Tana can baya cikin zumuntar mata, da ankonsu iri ɗaya, shi ya sa ban lura da ita ba tun farko. Ashe Baba ne ya matsa mata ta zo. A daidai lokacin direban labarina bai kai ga sha ba, kazar ma ba ta fito ba. Ina iya yin tari in ce takarda ta ɓace. Ina iya sa maciji ya sare shi a wuce wurin. Amma na dubi yadda jama'a suka zuba mini ido, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, sai na ci gaba. Wannan ne abin da na fi jin kunyarsa, fiye da rubutun kansa.

Da na gama, wasu na ta share hawaye. Fasto ya miƙe zai yi addu'a, sai Mama Saratu ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ina da tambaya. Uwar ɗiyar ga, ta san shi ya sha?"

Na ce, "Mama, ai ƙagaggen labari ne."

Ta dube ni ta ce, "Ni na ɗaure ma kazar ga ƙafa da hannuna."

Ta koma ta zauna. Duk wanda ya fito daga Jega ya gane, sauran kuma kafin a raba abinci sun gane. Na tsaya riƙe da takarduna, na rasa ma hanyar sauka, har fasto ya kama hannuna ya janye ni kamar makaho. Mota ɗaya kuma muka shigo zuwa Jega, Mama tana gaba ina baya.

Kwana biyu bayan haka ta haɗa kayanta ta tafi wajen wanta. Ni kuwa sai da na yi mako uku kafin ƙafata ta iya taka gidan. Na tarar da Baba shi kaɗai a kan tabarma, maƙwabta ke kawo masa abinci. Na durƙusa na fara jero haƙuri, har na kawo zancen cewa labarin ya taɓa zukata da yawa. Ya bar ni na gama. Ya ce ya daɗe yana neman bakin da zai gaya mata da kansa, yanzu na riga shi. Sannan ya ce, "Na gaya maka ne don ka yi min addu'a, ɗana. Ka yi?"

Ban yi ba. Ko sau ɗaya. Na buga labarin sau uku a tafireta, na gyara waƙafi da aya, amma ban taɓa durƙusawa na ambaci sunansa ba. Ya dubi fuskata ya gane, ya gyaɗa kai kawai.

Mama ta dawo da jikinsa ya tsananta, ita ta yi jinyarsa har ya rasu a farkon damina. Abin da suka faɗa wa juna a wannan tsakanin ban sani ba, ba ni kuma da hurumin sani. Ranar jana'iza can nesa na tsaya. Bayan nan in na gaishe ta takan amsa da "lafiya lau", ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba har aka yi mini canjin wurin aiki.

Na yi shekaru ban rubuta komai ba sai darasin aji. Yanzu na koma, ina kuma jin kiran na nan, sai dai na daina ɗaukar kukan mutane a matsayin kayan aikin da aka aiko mini daga sama. Wannan ɗin ma sai da na jira duk wanda zai yi wa ciwo ya riga mu gidan gaskiya, sunayen kuma ba nasu ba ne. Abin da na koya ba shi da wani zurfi, ɗan aji ɗaya ma ya san shi: in mutum ya ce ka yi masa addu'a, to addu'ar yake nufi.