Bindigar Ɗan Bahago

Wani ne a unguwar Ka'akiyya ta Makka, Allah ya ba shi ɗa ɗaya tilo, kuma ya ba shi bahago. Sunan yaron Mish'al. Da hagu yake rubutu, da hagu yake jifa, da hagu yake sosa ƙeya. Mutumin nan kuwa ya ɗauki abin kamar an zage shi a tsakiyar kasuwa. Ba abin da bai yi ba. Ya zura wa hannun safa ya ɗaure. Ya shafa masa barkono. Har wurin mai ruƙiya ya kai shi, malam ya yi karatu ya tofa, ya miƙa wa yaro ruwan Zamzam, yaro ya sa hagu ya karɓa.

Da wahala ta ishi yaron sai ya gano hanyar zaman lafiya. In Baba yana gida, cokali a dama. In Baba ya fita, hagu ta koma bakin aikinta. Shi kuwa gogan naka sai ya ɗauka ya ci yaƙi.

To matarsa Jawahir haifaffiyar Makka ce, kakanninta ne suka zo hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka yi zamansu. Shi kuma aiki ne ya kawo shi, don haka kullum yana ganin kamar surukai sun raina shi. Ran nan ana shan shayi a gidan surukan, sai yayan matar, Majid, ya ce masa, "Ya Abu Mish'al, ka ƙyale yaron nan da hannunsa mana. Haka Allah ya yi shi."

Ya ce, "Wane yaro? Ai na warkar da shi tuntuni. Mu gidanmu maharba ne, kakana da hannun dama ya kashe kura. Babu bahago a zuriyarmu. In ma an ga alama, to daga wajenku ta biyo."

Majid ya yi murmushi ya ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Ran Juma'a za mu fita bayan gari, yara za su yi gasar harbin gwangwani. Ka zo da shi mu gani. Abuya ma zai je."

Abuya shi ne tsohon, uban matar, yana zaune a gefe yana jan carbi yana jin komai. Mutumin nan ya dubi tsoho, ya bugi ƙirji ya ce, "In yaron nan bai harba da dama ba, kada a sake shimfiɗa mini tabarma a gidan nan."

Tsoho ya ce, "Mun ji."

Washegari mutumin nan ya ja yaro sai wani shagon kayan fita daji a unguwar Rusaifa. Ya yi sa'a yaron shagon Bahaushe ne, wani Labaran. Ko gaisuwar kirki ba a gama ba ya ce, "Bindiga shozan nake so, ta yara. Irin mai baki biyu ɗin nan, wadda in ta yi ƙara sai an ji a Jidda."

Labaran ya ce, "Alhaji, shozan ai ba rake ba ce. Sai da takardar izini, kuma ba wanda zai miƙa wa yaro ita. Ga dai saktun, bindigar iska. Ɗan harsashinta kamar ƙwayar dawa. Ita yara ke koyo da ita."

"To kawo."

"Da wane hannu yake harbi?"

Mutumin nan ya haɗe rai. "Wace irin tambaya ce wannan? Ka ga ya yi kama da wanda ba shi da tarbiyya?"

Labaran ya ɗauki mabuɗin shago ya cilla wa yaro. Yaro ya cafe da hagu tun kafin uban ya ƙifta ido.

Uban ya ce, "Wannan ai mabuɗi ne. Hannun dama ya ajiye shi don manyan abubuwa."

Labaran ya ɗauko bindiga biyu ya ajiye a kan kanta. Ya ce, "Duba nan, Alhaji. Wannan gindinta an sassaƙa shi don mai dama, nan kuncinsa zai kwanta. Wannan kuma kowane ɓangare aka riƙe ta daidai ne. Yaronka da idon hagu yake auna abu. In ka ɗora masa ita a kafaɗar dama, ido yana gabas bakin bindiga yana yamma."

"Wato kai kana sayar wa 'ya'yan Musulmi bindigar hagu? A garin nan? To in ya harbo tsuntsu da hagu, halal ne?"

Labaran ya ce, "Alhaji, a cikin Harami ko da wane hannu ya taɓa tantabara ya ja maka magana. Ka bar batun tsuntsu, ka sai wa yaro abin da zai iya riƙewa."

Yaro ya ɗaga bindigar nan mai zama kowane ɓangare, ya ɗora a kafaɗar hagu, ta zauna masa ɗas kamar da ita aka haife shi. Ya ce, "Baba, wallahi wannan ta fi."

Uban ya fizge. "Ajiye! Labaran, ba ni ta dama zalla. Wadda ko an roƙe ta ba za ta yarda da hagu ba."

Labaran ya naɗe masa, ya ce, "Shawara ɗaya. In zai harba, kowa ya koma bayansa."

Uban ya ce, "Kai ka san sayarwa, mu muka san harbi."

Ran Juma'a bayan la'asar aka ɗunguma a motoci, aka bi hanyar garin Lis har aka fita iyakar Harami, aka sami fili aka shimfiɗa darduma. Mata suna gefe da fulas ɗin shayi, tsoho yana kan kujerarsa ta ninkewa. 'Ya'yan Majid suka harba, wani ya samu, wani ya kuskure. Aka zo kan Mish'al.

Mutumin nan da kansa ya je ya ɗora gwangwanin lemo a kan dutse. Ya ɗan matsa gefen hagu ya tsaya, hannu a ƙugu.

Majid ya ce, "Ya shaikh, dawo bayan yaron."

"Ni? Jikan maharba? Mish'al, da dama! Yi bismilla!"

Yaro ya ɗora bindiga a kafaɗar dama, ya karkato da kai ta kan gindinta yana neman gwangwani da idon hagu, wuya a murɗe kamar kazar da ke kallon shaho. Ya ja kunama. Tas! Ƙura ta tashi tsakanin dutse da ƙafar uban.

Uban ya ce, "Iska ce." Ya ƙara matsawa hagu.

Tas! Butar alwala da aka ajiye can gefe ta fara fitsari.

Ya ce, "Kun gani? Buta ma ya samu, balle gwangwani." Ya ƙara matsawa hagu sosai.

Jawahir ta ɗaga murya daga cikin mata. "Abu Mish'al, don Allah ka bar shi ya sauya kafaɗa. Ko kuwa ka taso daga nan."

"Ke, wannan maganar maza ce. Ni ko kallo ba sai na yi ba. Kunnena kawai zai gaya mini." Ya juya wa yaro baya, ya sunkuya yana kakkaɓe ƙasa daga takalmi. "Harba, ɗana! Nuna musu!"

Tas!

Ihun da mutumin nan ya yi, wani raƙumi da ke kiwo can nesa sai da ya ɗaga kai. Ya dafe mazaunai da hannu biyu, ya yi tsalle, ya zube rub da ciki a kan dardumar surukinsa. Gwangwani yana kan dutse lafiya lau.

Majid ya ce, "Yalla, a ɗauke shi, mustashfa!"

Ya ce, "A'a! Asibiti? Su ce harbi ne, su kira shurɗa, 'yan sanda ke nan, a tambayi igamata ta zaman ƙasa, a kira kafili, uban gidan da ya tsaya mini? In tsaya gaban hukuma in ce musu a ina aka same ni? A cire shi a nan!"

Aka kora mata bayan mota. Aka ɗage jallabiya a gaban suruki, abin da ko a mafarki bai taɓa zato ba. Harsashin bai yi nisa ba, ga shi nan ana hango bakinsa a ƙarƙashin fata. Aka samo hantsaki a jakar Jawahir, aka ƙona bakinsa da wutar ashana. To wa zai cire? Majid ya ce shi in ya ga jini jiri yake ji. Tsoho ya ce shi da ƙyar yake ganin carbinsa.

Jawahir ta ce daga bayan mota, "Ku ba Mish'al. Shi ke cire mini ƙaya, shi ke zura mini zare a allura."

Yaro ya durƙusa yana hawaye, ya miƙa hannun hagu zai karɓi hantsaki. Uban ya waiwayo, ya ga tsoho ya zuba ido, ya cije leɓe ya ce, "Da dama."

Yaro ya mayar dama. Ya kai hantsaki, ya cafko naman da babu ruwansa, ya ja. Uban ya ciji darduma. Ya sake kaiwa, ya danna harsashin ya ƙara shigewa. A karo na gaba ma ɗaya ɓangaren ya tsunkula, wanda ba a harba ba.

Tsoho ya sunkuyo da carbinsa ya ce a hankali, "Sannu, jikan maharba. A ci gaba da daman?"

Mutumin nan ya ɗago fuska duk ƙasa da hawaye, ya daka wa yaro tsawa.

"Kai, sa hagun, don ubanka! Damar taka ai mun ga aikinta!"