Gwagwarmayar Tanimu Maƙeri da Hatimin Jakada

Da sunan Mai ƙaddara nasara da kunya, ga tarihin Tanimu ɗan Barmo, jikan Ango Maƙeri, tattaɓa-kunnen wanda ya taɓa gyara wa wani hakimi linzami. Gwarzon Maraɗi, dodon ƙarfe, wanda guduma ke gaisarwa da safe!

Shi ne ya shekara bakwai yana ƙera injin dama fura, har ya ƙone gemu sau biyu. Sai labari ya iso masa cewa Sallau, tsohon abokin sana'arsa, ya kwafi injin, kuma ranar Litinin zai yi masa rajista a Najeriya da sunan kansa. In Tanimu bai riga shi ba, wahalar shekara bakwai ta zama ta Sallau.

Sharaɗi ɗaya ne. Rantsuwar da aka yi a wata ƙasa, cewa ƙirƙirar taka ce, ba ta karɓuwa sai ofishin jakadancin Najeriya ya buga mata hatimi.

Sai sadauki ya yi alwala, ya tsaya gaban lauya, ya rantse da murya mai girgiza labule, ya sa hannu da bajinta irin ta mazan jiya. Da ya fito ya ga hadari ya haɗo, hikimar kakanninsa ta motsa: takarda mai daraja ba a barinta tsirara. Ya kai ta shago aka rufe ta da leda, aka gasa a inji, kamar yadda ya yi wa takardar haihuwarsa, da katin rigakafinsa, da hoton aurensa.

Ranar Juma'a ya hau babur ya yi hawan yaƙi, ya keta kwata uku, ya tarwatsa rundunar agwagi, ya isa ofishin jakadancin, ya kutsa layi yana kirari: "Ku kauce, ga na Barmo tafe!"

Akawun da ke taga ya juya takardar, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

"Baba, wa ya ce ka yi mata leda? Hatimi ba ya zama a kan leda."

"Ɗana, don ruwa na yi!"

"To, ruwan bai taɓa ta ba. Hatimi ma ba zai taɓa ta ba."

Amma jarumi ba ya ja da baya. Ya zare reza daga aljihu, ya yi kabbara, ya ɓare ledar da ƙarfi ɗaya. Ledar ta fita, ta tafi da rabin rantsuwar da sa hannunsa gaba ɗaya. Akawu ya rufe taga ya tafi masallaci, sai Litinin.

Tanimu ya zauna a bakin ƙofa, zuciyarsa ta karye, ya rasa ko kuka zai yi. Wata mai ƙosai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matso.

"Malam, in ka gama da takardar nan, ba ni in ƙunsa ƙosai."