Sarkin Maginan Hawa na Sha Bakwai

Duk wanda ya zauna a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur bai san Malam Ashafa ba, to ya binciki zamansa. Shi ne dogon mutumin nan mai hula zanna da ke hawa na sha bakwai, wanda gwamnati ta turo karatun digiri na uku a kan tsara birane. Shekararsa biyar ke nan yana tsara babi na biyu. Allah ya ba shi ilimi, ya kuma ba shi kirkin da ba ya iya ɓoye shi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga tarihin agogo.

Maƙwabcinsa Munzali, mai karatun haɗa magunguna, shi ya yi kuskuren kai shi wani kedai, wato shago, a unguwar Sri Petaling. A nan ne duk Asabar magidanta masu gemu ke kewaye babban tebur suna yaƙi da sojojin roba waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, ana jefa ɗan ludo, ana auna tafiyar doki da tef. Ranar kuwa mai shagon, wani dattijo ɗan asalin Sin da kowa ke kira Ankul, ya yi shela: nan da sati uku kowa ya zo da ginin garu na hannunsa. Wanda ya fi kyau shi zai zauna a tsakiyar tebur shekara guda, da sunan magininsa a jiki.

Malam Ashafa bai ji komai ba sai "sunan magini".

A hanyar gida Munzali ya ce shi da farin soson nan da ake naɗo firij a ciki zai yi nasa, da kwali da gam da ɗan fenti. Malam Ashafa ya tsaya cak.

"Soso? Munzali, soso fa ka ce? Ni jikan magina ne. Kakan kakana shi ya ɗora zankon farko a ƙofar garinmu. Zan nuna wa mutanen nan abin da ake kira civilization. Da ƙasa zan yi, tubali bisa tubali."

Masu dogon tunani a garinsu sun ce jakin da ke kai ƙasa wajen ginin ne na gidansu. Amma ai jaki ma yana cikin aiki. Tun daga ranar Malam Ashafa ya naɗa kansa Sarkin Magina, ya kuma sanar da naɗin a zauren wayar 'yan Arewa, tare da gayyatar kowa da kowa ranar buɗe ganuwa.

Ya samo jar ƙasa bokiti uku daga inda ake haƙa harsashin wani bene, ya hau da ita a lif yana amsa gaisuwa da ka. Ramno, busasshiyar ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita, babu shi a Kuala Lumpur, sai ya sayo ciyawar zomaye a shagon dabbobi. Tsinken tsire ya zama azara. Ya kori shanyar matarsa Lailatu daga baranda, ya zauna ya mulmula tubali dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa. A gaskiya, tun da ya zo ƙasar ba a taɓa ganin ya gama wani abu da yawa haka ba.

Maginan da, Allah ya jiƙansu, ba su san babi na biyu ba, amma sun san abu guda: ba a taɓa ƙasa sai ruwa ya ɗauke, an kai amfanin gona gida. Rana ce abokiyar aikinsu. Lailatu, wadda ba ta karanta tsara birane ba, ita ma ta san wannan.

"Baban Kausar, ƙasar nan fa ba ta da rani. Zani ma kwana biyu yake bai bushe ba. Kawo in sa maka a tanda."

"Tanda? Gurasa nake yi? Magabata da rana suka busar da nasu. Wannan maganar thermodynamics ce, Lailatu, ki bar wa masu ita."

Ta bar musu. Kullum da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, iska ta kwaso feshi ta shafa wa ganuwar. Kullum da safe Sarkin Magina ya danna ta da yatsa, yatsan ya shige, ya ce saura kaɗan. A kwana na tara sai ciyawar zomaye ta tuna cewa tana da iri a jikinta. Ganuwa ta yi tsiro kore shar. Malam Ashafa ya duba, ya ce Turawa ma yanzu irin wannan ginin suke yayi, sannan ya riƙa yi mata aski da almakashin gemunsa bayan sallar asuba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar Asabar ya ɗora ta a kan katako, kilo sha takwas cif, ya lulluɓe da sabon zanin Lailatu, ya hana kowa leƙawa har shi kansa. Munzali ya riƙe nasa ginin da hannu ɗaya kamar mai ɗauke da burodi. Suka hau jirgin ƙasa na LRT, suka sauya jirgi a tashar Masjid Jamek. Duk tsayawar da jirgin ya yi, Malam Ashafa yana jin wani abu na gyara zama a ƙarƙashin zanin. Ya ce a ransa harsashi ne ke kama ƙasa.

Shago ya cika. 'Yan Arewa sun zo da iyalansu, don an ce akwai makan, wato cin abinci, bayan taro. Malam Ashafa ya yi jawabin minti ashirin da biyu a kan daulolin da suka shuɗe, ya rufe da cewa, "Soso na firij ne. Ƙasa ta tarihi ce." Sannan ya yaye zanin.

Bangon gabas ya kwanta. Ƙofa ta haɗiye kanta. Zankwaye huɗu sun yi ruku'u, tsinken tsire ya leƙo ta ko'ina, ciyawa kuwa ta ji daɗin ɗumin zani ta ƙara tsawo.

Ankul ya kewaya ta sau uku. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wah," in ji shi. "Shekarata talatin a wannan harka ban taɓa ganin kufai mai kyau haka ba, lah. Har da ciyawa! Kamar garin da aka ci da yaƙi shekara ɗari biyar. Yaya ka yi?"

Ginin soson Munzali ya hau tsakiyar tebur da sunansa a jiki. Na Malam Ashafa aka kai shi can gefe, inda sojojin da aka kora ke ɓuya. Sarkin Magina ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Da ma abin da na nufa ke nan. Darasi ne a kan faɗuwar dauloli."

Jama'a suka ce madalla, suka nufi wajen abinci. Lailatu ta kakkaɓe zaninta, ta ninke shi huɗu.

"Sannu da aiki, Baban Kausar," ta ce. "Kai kam ka fi magabata. Su sai da suka shekara ɗari biyar kafin nasu ya kai haka. Kai sati uku kacal."