Rahoton da Na Rubuta a Kan Uwar Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na karanta rahoto a gaban dattawa a unguwar Jaradiya ba, lokacin ina aiki a Riyad.

Malam Sabi'u, direba a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, ya rabu da matarsa Hajara, suna da 'ya'ya biyu: Rukayya mai shekara tara da ƙaninta Sadik. Yaran suna hannun uwar a gidan yayanta, amma suna kan iƙamar uban, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar, shi kuma ya dage sai ya karɓi Rukayya. Dattawanmu ba sa so magana ta kai mahkama, wato kotu, sai suka naɗa ni ɗan tsakani: in tsara ranakun ziyara, in isar da saƙo, in sa ido, sannan in ba da shawarar inda yarinyar za ta zauna. (Hujjarsu ita ce na taɓa karanta labarai a gidan rediyo, wai ba na ƙari ba na ragi.)

Makonni takwas ina halartar miƙa yaran ga uban bayan sallar Juma'a, ina rubuta abin da na gani. Ranar zama aka taru a falon yayan Hajara, ita tana bayan labule. Na gyara murya na karanta:

“A zuwa takwas, uwar ba ta kira sunan Rukayya ko sau ɗaya ba, sai dai ‘ke’ ko ‘yarinyar nan’. Tana rungumar Sadik, ita kuwa ko kallonta ba ta yi. Wannan alama ce ta rashin shaƙuwa.”

Sabi'u ya ce, “To, kun dai ji. Ba ni na faɗa ba.”

Dattawa suka dubi juna. (Na ɗauka ƙarfin hujjata ne.) Can sai Baba Isuhu, tsohon birkila mutumin Damagaram, ya dube ni.

“Malam, kai na nawa ne a wurin mahaifiyarka?”

Na ce, “Na fari.”

“Ta taɓa kiran sunanka?”

Ba ta taɓa ba. Har ta koma ga Allah, “wannan” take ce mini, kuma ban taɓa shakkar matsayina a zuciyarta ba. Alkunyar ɗan fari, abin da aka raine ni a cikinsa, shi na rubuta a matsayin laifi, na kusa raba uwa da 'yarta a kansa.

Daga bayan labule Hajara ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa: “Baba, a tambaye shi ko ya rubuta wadda take yi mata kitso duk Alhamis.”

Ban rubuta ba. Ban ma lura da kitson ba.

Baba Isuhu ya juya ga Sabi'u. “Shi ya manta. Kai fa, da ka zauna da ita shekara goma?” Sabi'u ya sunkuyar da kai.

Aka bar Rukayya wurin uwarta, uban ya ci gaba da ɗaukar yaran ranar Juma'a. Na nemi gafarar Hajara ta bakin yayanta, ta aiko cewa ta yafe, amma a sauya ɗan tsakani. Aka sauya.

Babu ƙarya ko ɗaya a rahoton nan. Tun daga ranar, in na ga abu da idona, nakan tambayi wani tsoho kafin in rubuta ma'anarsa.